Inda Zane Ya Taɓa Layi Ya Koma

Ƙanƙara, ranar Alhamis.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin sauka Zariya lafiya, kin sami ɗaki, kin kuma gane hanyar famfo. Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya haɗa ki da abokan zama na gari.

Bayan haka, ya zama wajibi a kaina, a matsayina na mai gida, in sanar da ke cewa an yi juyin mulki a ɗakinki. Da hantsin jiya Laraba, kwana biyu kacal da tafiyarki, buhunan masara goma sha ɗaya da aka kawo daga gonarmu ta Pauwa suka shiga suka karɓe iko. Ba a zubar da jini ba. Gadonki yana tsare, an jingine shi da bango, amma ana kula da lafiyarsa. Mahaifiyarki ce ta karanta sanarwa, ta kuma yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula kafin hutunku. Kin dai san yadda irin wannan alkawari yake.

Ba don masara na ba direban motar Funtuwa wannan wasiƙa hannu da hannu ba, na kuma roƙe shi ya tabbata ta iske ki kafin Litinin. Mahaifiyarki ta riƙe wata magana kwana biyu, sai jiya muna shan fura ta sake ta. Ta ce a tasha kin raɗa mata cewa ranar Litinin, da an buɗe rajista, za ki cike takardar canji, ki bar lissafi ki koma koyon aikin sakatare. Na ce don me?

Ta ce, "Malam, kai ka san don mi. Yarinya ta faɗi amsarta gaban kawunta Alhaji, ka yi mata dariya har da tafa hannu. Ta ce in abin da ubanta ya gani da kallo guda ita ta kasa ganinshi cikin rabin awa, to ba ta da abin yi ajin lissafi."

Na ce ai wasa nake yi. Ta ce, "To ka rubuta mata wasan, ta karanta ta yi dariya." Ta ɗauke ƙwaryar furar tun ban ƙoshi ba.

Zan zo kan gardamar nan tamu ta zaure. Amma ki bar ni in bi doguwar hanya, irin ta motar Sabuwa, wadda ba ta wuce ƙauye sai ta gaida mai gari. Kin taso kin iske ni ana kirana Malam Mai Lissafi, kin ɗauka da allin a hannuna aka haife ni. Laifina ne da ban taɓa ba ki labarin yadda na kai nan ba.

Lokacin ina ƙaramin malami a firamaren Sabuwa, ko auren mahaifiyarki ban yi ba, ina karatun lissafi ta gidan waya. A aiko mini darasi a ambulan, in yi aiki in mayar, bayan mako uku ya dawo da jan biro. Wata rana aka aiko mini da wannan: x³ − 7x² + 15x − 9. Aka ce in zana shi, in kuma nuna saiwoyinsa, wato lambobin da in an sa su a madadin x jimla za ta zama sifili, inda zane ke saduwa da layin kwance. Darasin ya ce tun da x mafi girma hawa uku ya yi, saiwoyi uku ne, kuma a wannan tambaya duka ukun suna nan a fili.

Na zana. Zanen ya taso daga ƙasa, ya ratsa layi a kan 1, ya yi tozo, ya sauko ya taɓa layi a kan 3, ya sake yin sama. Na ƙirga, biyu. Na sake ƙirgawa, biyu. Sai na yanke hukunci, da irin hankalin mai shekara ashirin da biyu, cewa ta ukun tana can gaba, takardata ce ta yi kaɗan. Na jiƙa ƙaro na liƙa wata takardar. Zanen ya ci gaba da hawa. Na liƙa wata. Kwana huɗu ina wannan aiki bayan an tashi yara, har takarda ta bi daɓen aji ta kai bakin ƙofa, zanen kuwa ko alamar waiwaye ba ya yi.

A ajin da ke kusa an sauke wani dattijon safiyo da ake ce wa Malam Bawa, ya zo awon hanya. Ya leƙo ya iske ni durƙushe da fensir a baki.

Ya ce, "Malam ƙarami, kai ma hanya kake awo? Ina ta nufa, Birnin Gwari?"

Na ce saiwa ta uku nake nema. Ya tsallake takardun ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙetare kunyoyi, ya koma can farko, ya ɗora babban yatsan ƙafarsa a kan 3. Ya ce, "Ga ta."

Na ce, "Baba, wannan ai ta biyu ce."

Ya ce, "Ta biyu da ta ukku. In mace ta shigo gidanku da goyo, mutum nawa suka shigo?"

Ya karɓi fensirina, ya share shi da rigarsa saboda yawu, ya rubuta lissafin a warware: (x − 1)(x − 3)(x − 3). Baka uku ne, amma biyu daga cikinsu iri ɗaya ne. Saiwar 3 ninki biyu ce. Ya kuma nuna mini abin da ya sa zanen ya taɓa ya koma. A kan 1, baka ɗaya ce ke sauya alama: kafin 1 tana da ragi, bayan 1 babu, don haka dole zane ya fito daga ƙasan layi ya koma samansa. Sa sifili ki gani, za ki sami −9, sa 2 ki sami 1. A kan 3 kuwa baka biyu ne ke sauya alama lokaci guda, ragi sau ragi kuma ba ya barin ragi. Sa 2 ki sami 1, sa 4 ki sami 3, duka a sama. Zanen ba shi da hanyar ƙetarawa, sai ya sunkuya ya taɓa ya miƙe.

Malam Bawa ya roƙi takardun nan ya ce zai kunna wuta da su, na ba shi da hannu biyu. Abin da na tsira da shi ke nan, na kuma ba ki kyauta: kafin ki tafi neman abu a nesa, ki duba ko yana goye a bayan wanda ke tsaye gabanki. Kuma in an ce miki saiwoyi duka suna fili, ki haɗa ninkinsu, dole jimla ta yi daidai da hawan x mafi girma. In ba ta yi ba, akwai goyon da ba ki ƙirga ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, don ba ni kaɗai ya ci ba. Bayan na sami takardar shaidata aka ba ni ajin manya. A cikinsu akwai wani Sani, ɗan wajen Faskari, mai jinkirin magana da saurin hannu. Na ba su (x − 2) mai hawa uku su zana. Ni a kaina na san ragi sau uku yana barin ragi, saboda haka zane zai ratsa, sai na ɗora rula na ja layi ya wuce ta kan 2 kamar mashi. Sani kuwa nasa zanen da ya zo kusa da 2 sai ya kwanta, ya yi rarrafe a jikin layi, sannan ya ƙetara ya miƙe. Na ɗaga takardarsa sama don kowa ya gani, na ce, "Ku dubi macijin Sani, ya gaji ya kwanta shan iska." Aji ya fashe da dariya. Na rage masa maki. Ya karɓi takardarsa ya koma mazauninsa.

Sai bayan wata biyu, ina shirya wani darasi, na zauna na sa lambobi da kaina. In kika matsa daga 2 da kashi ɗaya cikin goma, baka ɗaya za ta ba ki kashi ɗaya cikin goma. Baka uku kuwa, ƙaramin abu sau ƙaramin abu sau ƙaramin abu, kashi ɗaya cikin dubu za su ba ki. Wato zanen yana manne da layi ta hagu da ta dama, dole ya kwanta. Macijin Sani ba gajiya ya yi ba, aikinsa yake yi. Na gyara darasina a shekara ta gaba. Amma ban kira Sani na gaya masa ba. Na ce ai yaro ne, ya manta.

Bara ina tsaye a bakin hanya a Sheme ina jiran mota, rana na dukana, sai wata farar Fijo ta tsaya. Wani mai tumbi da hular kwano ya fito ya durƙusa har ƙasa. Sani ne, ya zama injiniya a kamfanin da ke shimfiɗa kwalta. Ya saya mini tsire, ya buɗe mini ƙofar gaba, ya kawo ni har Ƙanƙara. Muna tafe muna hirar duniya, sai da muka zo wani gangare inda sabuwar hanya ta lafa kafin ta hau gada, ya rage gudu, ya ce, "Malam, ka ga wanga wuri? Ni na zana shi. Na ce ma ma'aikata su bar macijin shi kwanta, Malam ba ya nan."

Ya yi dariya, na yi dariya, amma tsiren bai ƙara yi mini daɗi ba. Shekara goma sha tara yana ɗauke da maganar. Don haka, Uwata, in kin zama malama, ko ma ba ki zama ba, kada ki sayi dariyar jama'a da fuskar mutum ɗaya. In kuwa kin yi, kada ki jira sai ya sayi mota.

Daga kurakuran nan biyu ne na ƙirƙiro baƙin zauren nan uku da duk wanda ya bi ta ajina ya haddace, ke ma tun kina 'yar ƙarama kike rera su kina tsallen igiya. Layin kwance shi ne ƙofar zaure. Baƙo na farko ɗan gida ne, ya shigo ta gaba ya fice ta baya ko takalmi bai cire ba, ninki ɗaya. Na biyu maƙwabci ne mai sauri, ya taɓa ƙofa ya yi sallama ya juya inda ya fito, ninki biyu. Na uku suruki ne, sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya shige, ninki uku. Na yi alfahari da baƙin nan ƙwarai. Har wani malami daga wata makaranta ya zo ya kwafe su, ya koma yana cewa shi ya ƙirƙiro, ban ma ji haushi ba sosai.

Akwai kuskure na uku, gajere ne. Wata rana mai duba makarantu ya zo, ya zauna a bayan aji da littafinsa. Na tashi nuna gwaninta. Na zana (x − 2)² da ƙarin kashi ɗaya cikin goma. A lokacin an kawo mana wani alli mai kauri kamar rogo. Gindin zanen ya sauko, kaurin allin ya cike ɗan ratar da ke tsakaninsa da layi, na juyo na shelanta cewa ga maƙwabci ya taɓa ƙofa, ninki biyu. Mutumin ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya ce, "Malam, a taimaka a sa 2 a ciki mu gani." Na sa. Sifili bai fito ba. Baƙon nawa ko ƙofar bai iso ba, daga nesa ya ɗaga hannu ya wuce, babu saiwa ko ɗaya. Ido shaida ne, Uwata, ba alƙali ba. Ki saurare shi da kyau, amma kafin ki yanke hukunci ki kira lamba ta rantse.

Na san malamai muna da ciwon mayar da kowane darasi wa'azi, kuma ina jin yana taso mini, in ce miki a Zariya za ki haɗu da masu ratsawa da masu taɓawa su koma. Na danne shi. Kin fi ni sanin mutane, mahaifiyarki kika biyo.

Sai maganar kawunki Alhaji na Ruwan Godiya. Na ji abin da ya ce miki a zauren, cewa yanzu kuɗi sun zo ƙasa, ofisoshi a Kaduna suna neman masu buga tafireta kamar ruwa a jallo, wata tara kin gama kin fara ɗaukar albashi, lissafi kuwa shekara da shekaru kina fama da x wanda har yau ba wanda ya gane ko wane ne. Ba ƙarya ya yi ba. Tun da aka yi ƙarin albashin nan, masinjan ofishinmu babur yake hawa, ni ina binsa a keke ina shan ƙura. Kawunki kuma ƙaunarki yake yi, shi da bai taɓa zama a aji ba amma yana duban garke sau ɗaya ya gaya miki saniyar da ta ɓace. Aikin sakatare aiki ne na mutunci. In da kin zo kin ce mini, "Baba, shi nake so," da ni zan saya miki tafireta ko da keken zan sayar. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ki bar abin da kike so tun kina ƙirga tsakuwa a tsakar gida saboda wani tsoho ya tafa hannu.

To, mun iso tasha. Bari in maimaita abin da ya faru ranar Lahadi da la'asar, don ki ga ban rage komai ba. Kina zaune a gefen tabarma kina gwada tsofaffin tambayoyi, ni da kawunki muna cin goro. Tambayar ta nuna zane, ta ce lissafin ya fara da x⁵ shi kaɗai, saiwoyinsa duka suna fili, a faɗi ninkin kowace. Zanen ya ratsa layi a kan −1, ya taɓa ya koma a kan 2. Kin daɗe kina dubawa, sannan kika ce, "Baba, ɗaya da huɗu ne."

Na miƙa wuya daga inda nake, ko tabarau ban sa ba. Na ce, "Mai taɓawa ya koma biyu ne. Biyu daga biyar saura uku. Uku da biyu."

Kika ce, "Amma Baba, a kan −1 bai durƙusa ba, wucewa ya yi kai tsaye. Kuma dubi gindinshi a kan 2, ya yi faɗi kamar faifai. Na biyu ai kamar gindin ƙwarya yake."

Nan ne na tafa hannu. Na ce wa kawunki, "Alhaji, ka ji, shekara ashirin ina da baƙi uku, yau Uwata ta haifo mini na huɗu." Kawunki ya yi dariya don ya ga ina yi, ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ni dai na ce a bar ta ta koyi tafireta." Kika naɗe littafinki kika shiga ciki. Takardar tambayar kika bari a kan tabarma, na ɗauka na sa a aljihu, ina ce wa raina zan nuna miki kuskurenki da safe. Da safe kuma aka shiga hidimar kaya.

Sunan mahaifiyata kika ci, ita kuwa Allah Ya jiƙanta ba ta taɓa ɗaga murya a gardama ba. In ta san tana da gaskiya sai ta faɗa sau ɗaya ta tashi ta ba ka wuri, ka zauna kai da maganarka har ta ishe ka. Haka kika yi mini. Sai dai ita ba ta taɓa komawa ɗaki ta ce wataƙila ita ce ba ta iya ba. Wannan ɓangaren nata nake so ki ɗauka. A can za ki haɗu da malamai masu manyan takardu da manyan muryoyi, waɗansu sun fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma kusan dukan 'yan ajinku maza ne. Ki girmama su. In sun ce kin yi kuskure, ki ce to, ki koma ki sa lamba. In lamba ta bi bayansu ki gode musu. In ta bi bayanki, ki koma da ladabi ki nuna musu, ko da sun tafa hannu.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, kuma yajin da ta ƙulla miki ba na rabo ba ne. Ƙannenki suna gaisuwa. Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na baki, Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa albarka a karatunki, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Jiya bayan an ɗauke mini fura na sa tabarau na fito da takardar. Zanen ya yanke layin tsaye, wato inda x yake sifili, a kan 16, an ma rubuta lambar ɓaro-ɓaro. Na sa sifili a nawa, (x + 1)³(x − 2)², ya ba ni 4. Na sa a naki, (x + 1)(x − 2)⁴, ya ba ni 16. Taɓawa a koma ba biyu kaɗai take nufi ba, huɗu ma haka yake yi, shida ma haka, sai dai gindin ya ƙara faɗi, kamar yadda kika ce. Shekara ashirin ina koyar da rabin magana.

Ɗaya da huɗu ne, Uwata. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure, kuma ranar Juma'a zan je Ruwan Godiya in faɗa wa kawunki da bakina. Kada ki taɓa takardar canjin nan.

Mahaifinki.